Wace ce Gaia, kuma me ya kai sunanta ajin kimiyya?

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a sashen nazarin ƙasa. A darasin sauyin yanayi malaminmu ya ambaci wani abu wai shi hasashen Gaia, ya ce akwai masanan da ke kallon duniya tamkar halitta mai rai. Da na duba intanet sai na tarar ashe Gaia sunan wata abar bautar Girkawan dā ce. Abin ya ɗaure mini kai. Wace ce ita? Yaya aka yi sunan abar bauta ya shiga littafin kimiyya? Da gaske masana suna nufin ƙasa tana da rai da hankali? Kuma ni Musulma, in na karanta wannan har na rubuta shi a jarrabawa, ban taɓa imanina ba? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Madalla da kika tsaya kika bincika. Sai mun faro daga tushe, domin wanda bai san Gaia ta Girkawa ba ba zai iya rarrabe abin da mutanen yau suka aro daga wurinta da abin da suka jingina mata alhali ba nata ba ne.

Mafi tsufan cikakken labarinta da ya iso mana yana cikin wata doguwar waƙa mai suna Theogonia, wadda Hesiod ya tsara wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi Hesiod manomi ne kuma makiyayi, mutumin ƙauyen Askra da ke gindin dutsen Helikon a ƙasar Girka. Waƙar tasa salsala ce ta allolin mutanensa, wane ya haifi wane, wane ya ƙwace mulki daga hannun wane. A ƙaulinsa, da farko babu komai sai wani wawakeken sarari da suke kira Kayos, daga nan sai Gaia ta samu. Ki riƙe wannan da kyau: a tunaninsu Gaia ba wata mata ce da aka ba ikon kula da ƙasa ba, ita ce ƙasar da kanta, wadda ake takawa, ake shukawa, ake binne mamaci a cikinta. Shi ya sa masu zane a jikin tukwanensu suka fi nuna ta a matsayin mace da ta ɓullo daga ƙasa zuwa ƙugu, sauran jikinta kuwa bai rabu da turɓaya ba.

Ita kaɗai, ba tare da namiji ba, ta haifi sama, wato Uranus, ta haifi duwatsu, ta haifi teku. Sannan sama ya zama mijinta. Suka haifi 'ya'ya goma sha biyu da ake kira Titan, shida maza shida mata, da wasu ƙarti uku masu ido ɗai-ɗai a tsakar goshi, da wasu uku masu hannu ɗari-ɗari da kai hamsin-hamsin. Uranus ya tsani 'ya'yan nan. Duk wanda aka haifa sai ya tura shi cikin uwar, ya hana shi ganin haske. Nauyi ya yi wa Gaia yawa, ta yi ta nishi, har ta gaji. Sai ta ƙera wani ƙaton lauje, ta tara 'ya'yanta ta ce wa zai ɗaukar mata fansa a kan ubansu. Duka suka yi shiru don tsoro, ban da autan Titan, Kronos. Ta ɓoye shi, da dare ya yi uban ya sauko, ɗan ya yanke masa gaba ya jefa a teku. Daga jinin da ya ɗiga a ƙasa aka samu wasu halittu, ciki har da matan nan masu bin hakkin jinin dangi da ake kira Erinis.

Kronos ya hau mulki, ya kuma bi sawun ubansa. Gaia da Uranus sun gaya masa ɗansa ne zai tumɓuke shi, don haka duk ɗan da matarsa Reya ta haifa sai ya haɗiye shi. Da cikin na shida ya tsufa, Reya ta kai kuka wurin iyayenta, Gaia da Uranus. Aka kai ta tsibirin Kirit ta haihu a can, Gaia ta karɓi jinjirin ta ɓoye shi a kogo, aka naɗe dutse da zanen goyo aka miƙa wa Kronos ya haɗiye. Jinjirin nan shi ne Zeyus. Da ya girma ya yi yaƙin shekara goma da Titan, kuma da shawarar Gaia ya kwance masu hannu ɗarin nan daga ɗauri, suka taimaka masa ya ci nasara. Za ki zaci labari ya ƙare. Ina! Bayan an jefa Titan cikin rami mafi zurfi a ƙarƙashin ƙasa, Gaia ta sake haifar wani dodo, Tayfon, mai kawunan macizai ɗari, wanda saura ƙiris ya ƙwace mulkin sama da ƙasa. Sai da Zeyus ya ƙone shi da tsawa. Bayan haka kuma ita ɗin ce dai ta ba sauran alloli shawara su naɗa Zeyus sarki.

Na tsawaita a nan da gangan. Idan kika buɗe intanet yau za ki ga Gaia a zane tana murmushi, gashinta ganye da furanni, ta rungume duniya a cinya. Wannan ba ita ce ta Hesiod ba. Tasa uwa ce, haka ne, tana haihuwa tana ciyarwa, amma ita ce ta ƙera makamin farko a labarin, kuma babu juyin mulki ko ɗaya da ba da hannunta a ciki. Tana ɗauke da mai mulki muddin bai yi mata nauyin da ya wuce kima ba. In ya wuce, sai ta nemo wanda zai kayar da shi. Mutanen da suka tsara wannan labari manoma ne a ƙasa mai duwatsu, mai yawan girgizar ƙasa, inda gonar da ta ba ka alkama bana za ta iya hana ka baɗi. Abin da suka sani game da ƙasa shi suka zuba a cikin halinta.

Abin mamaki kuma, duk da girmanta a labari, ba ta da manyan ɗakunan bauta irin na alloli kamar Zeyus ko Atina ko Afolo. Sha'anin noma ma wata ce daban, Demeta, ta fi shahara da shi. Inda Gaia ta fi fitowa shi ne wurin rantsuwa. A littafi na uku na waƙar Iliyad, da rundunoni biyu za su ƙulla alkawari, sai aka kawo ɗan rago fari domin rana da 'yar tunkiya baƙa domin ƙasa, saboda a ganinsu waɗannan biyu babu abin da ke ɓuya gare su. Marubucin wasan kwaikwayo Aeskilus, a wani wasa da aka nuna a shekara ta 458 kafin Annabi Isa (AS), ya ce ita ce ta fara riƙe wurin duba na Delfi kafin ya kai hannun Afolo. Wani matafiyi mai suna Pausaniyas, wanda ya zagaya Girka a ƙarni na biyu miladiyya, ya rubuta cewa ya ga mutum-mutuminta a kan tudun Akrofolis na birnin Atina tana roƙon Zeyus ruwan sama. Akwai kuma sassaƙen bagadin Pergamon, wanda aka gina a ƙarni na biyu kafin Annabi Isa (AS) a inda yake Turkiyya a yau, yanzu kuma yake gidan tarihi a Balin ta Jamus. A jikinsa an sassaƙa ta tana fitowa daga ƙasa, ta ɗaga hannu tana roƙo a bar mata ɗanta da ake kashewa.

Har siyasa an yi da ita. Mutanen Atina sun riƙa cewa ɗaya daga sarakunansu na farko, Eriktoniyus, ƙasa ce ta haife shi, don haka su ba baƙi ba ne, daga turɓayar garin suka tsiro. A shekara ta 451 kafin Annabi Isa (AS) suka kafa doka cewa ba a zama ɗan gari sai uwa da uba duka 'yan Atina ne. Duk wanda ya san rigimar ɗan asali da baƙo a jihohinmu zai gane cewa kiran ƙasa uwa yana iya haɗa mutane, yana kuma iya zama hujjar korar wasu.

Girkawa ba su kaɗai suka yi irin wannan tunani ba, kuma sauran ba daga wurinsu suka kwaikwaya ba. Rumawa suna da Tellus. Al'ummar Akan a Gana suna da Asase Yaa, wadda saboda ita a al'adance ba a taɓa gona ranar Alhamis. Ibo suna da Ala. Mutanen tsaunukan Andes a Kudancin Amurka suna da Pachamama. Maguzawa ma suna da Uwargona. Duk inda mutum ya ga abincinsa yana fitowa daga inda yake binne iyayensa, kiran wurin uwa ba ya yi masa nisa.

To yanzu mu tsallako zuwa abin da malaminku ya ambata.

James Lovelock Bature ne ɗan Ingila, masanin sinadarai kuma gwanin ƙera na'urori. An haife shi a 1919, ya rasu a 2022, ranar da ya cika shekara 103 cif. A 1957 ya ƙirƙiro wata 'yar na'ura mai iya gano ɗigon sinadari komai ƙanƙantarsa a cikin iska, kuma da ita ce daga baya ya nuna cewa iskar gas ɗin firji ta bazu har tekun kudancin duniya. A shekarun 1960 hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta gayyace shi ya taimaka wajen tsara yadda za a gane ko akwai rai a duniyar Mars. Sauran masana suna ta tunanin yadda za a ɗebo ƙasar can a gwada. Shi kuwa a 1965 sai ya ce ba sai an je ba, a duba iskar da ta lulluɓe ta kawai.

Ga hujjarsa. Iskar Mars kusan kashi 95 cikin ɗari duk iskar kabon ce, ta Zuhura ma wajen kashi 96. Duk sinadaran da za su iya haɗuwa da juna a can sun riga sun haɗu tun tuni, komai ya lafa. Tamu kuwa kashi 78 naitirojin ne, kashi 21 oksijin, kabon bai wuce kashi 0.04 ba. Ga kuma iskar mitan, wadda ke fitowa daga fadamu da gonakin shinkafa da tumbin shanu, tana zaune tare da oksijin. Waɗannan biyu ba sa zaman lafiya: a ƙarƙashin hasken rana mitan kan ƙone a hankali, cikin kamar shekara goma ya ɓace. Tunda har yanzu yana nan, dole akwai abin da ke zuba sabo kullum, yana kuma zuba oksijin. Wannan abin shi ne masu rai. Ke nan ko daga nesa, mai auna iska zai gane cewa duniyarmu tana da rai a cikinta, Mars kuwa da wuya. Da kumbunan Viking suka sauka a Mars a 1976, ba su samo tabbatacciyar shaidar rai ba.

Daga nan tunaninsa ya ƙara gaba. Masana taurari sun yarda cewa a farkon duniya hasken rana bai kai na yanzu ƙarfi ba, ya gaza da kusan kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. Duk da haka, fiye da shekara biliyan uku da rabi akwai ruwa a tekuna, bai ƙafe ba, bai kuma daskare har abada ba. Lovelock ya ce wataƙila masu rai ba zaman haya kawai suke yi a doron ƙasa ba, suna da hannu wajen daidaita zafinta da iskarta. Yana zaune a lokacin a ƙauyen Bowerchalke da ke kudancin Ingila, maƙwabcinsa kuwa shi ne marubucin nan William Golding, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1983. Suna tafe suna hira Lovelock ya bayyana masa tunaninsa, Golding ya ce babban tunani irin wannan yana bukatar suna, ya ba shi shawarar Gaia. Iyakar yadda sunan ya shiga kimiyya ke nan. Ba daga wurin bauta ya fito ba, shawarar marubuci ce ga abokinsa. Sunan ya fara fita a rubuce a 1972, a 1974 suka wallafa maƙalu tare da Ba'amurkiyar nan masaniyar ƙananan ƙwayoyin halitta, Lynn Margulis, a 1979 kuma littafinsa na farko a kan batun ya fito.

Misalan yadda rai da dutse da iska suke cuɗanya suna kusa da ke. Dutsen farar ƙasa da ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato ana yin siminti da shi ya samu ne a ƙarƙashin wani teku da ya taɓa rufe yankin kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, kuma cike yake da ɓawon halittun ruwa. Ruwan sama yana narkar da kabon daga iska, ya ci duwatsu a hankali, saiwoyin itatuwa da ƙwayoyin halittar cikin ƙasa suna hanzarta wannan ci, koguna su kwashe abin da ya narke zuwa teku, halittun teku su gina ɓawonsu da shi, in sun mutu su nutse su zama dutse. Ta haka aka kulle ɗimbin kabon da in da yana sama da zafin duniya ya fi haka nesa ba kusa ba. Kuma idan zafi ya ƙaru, cin duwatsun yakan ƙara sauri, a janye kabon da yawa, zafin ya sauka, sai dai aikin yana ɗaukar dubban ɗaruruwan shekaru. Ga kuma ƙurar hunturu. Kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, tsohon gindin tafkin Cadi ne tun yana da girman gaske, yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, ƙurar kuwa akasarinta gawarwakin ƙananan halittun tafkin ne. Wani binciken NASA na 2015 ya ƙiyasta cewa kimanin tan miliyan 27 na ƙurar Sahara kan tsallake tekun Atlantika ya sauka a dajin Amazon kowace shekara, ɗauke da wajen tan 22,000 na fosfaras, sinadarin nan da ke cikin takin zamani. Wannan ba almara ba ce, abu ne da ake aunawa.

Amma hasashen ya sha suka, kuma sukar tana da ƙarfi. A rubuce-rubucen farko Lovelock ya yi magana kamar masu rai suna daidaita duniya ne domin amfanin kansu, kamar da niyya. A 1981 masanin halittu Ford Doolittle, a 1982 kuma Richard Dawkins, suka ce wannan ba zai yiwu ba. Ƙwayar halittar da ke cikin teku ba ta san da dajin Amazon ba, balle su yi shawara. Kuma a ilmin halittu da aka gina kan nazarin Darwin, hali yana kafuwa ne ta hanyar haihuwa da gasa tsakanin masu kama da juna, ita kuwa duniya ba ta haihuwa, ba ta da abokiyar gasa. Lovelock ya mayar da martani a 1983 tare da Andrew Watson, suka ƙirƙiri wata duniya a cikin kwamfuta wadda babu komai a kanta sai furanni iri biyu, farare da baƙaƙe, rana kuma tana ƙara zafi sannu a hankali. Kin san yadda mai baƙar riga ya fi mai fara jin rana a watan Afrilu. To haka furannin suke. Lokacin sanyi baƙaƙen ne ke yaɗuwa don sun fi ɗumama kansu, yaɗuwarsu kuma ta ɗumama duniyar. Da zafi ya ƙaru sai fararen su rinjaya, su mayar da hasken sama, duniyar ta yi sanyi. Babu furen da ya yi niyyar komai, kowanne ta kansa yake yi, amma zafin duniyar ya daɗe a daidai. Darasi na biyu da ke cikin gwajin shi ne wanda aka fi mantawa: da rana ta kai wani matsayi, furannin duka suka mutu kusan lokaci guda, zafin ya yi tsalle. Daidaito yana da iyaka, kuma ba lallai ya yi gargaɗi kafin ya karye ba.

Tarihin duniya ma bai goyi bayan cewa rai kullum alheri yake yi wa rai ba. Kimanin shekara biliyan 2.4 da suka wuce, wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da hasken rana suka cika iska da oksijin, wanda guba ne ga yawancin masu ran wancan zamani. Akwai kuma lokutan da ƙanƙara ta kusa rufe duniya baki ɗaya. Irin waɗannan ne suka sa masani Peter Ward ya fito da kishiyar hasashen a 2009, ya raɗa mata sunan Mediya, matar nan ta labaran Girkawa da ta kashe 'ya'yanta. A 2013 Toby Tyrrell na Jami'ar Southampton ya auna hujjojin ɗaya bayan ɗaya a littafi guda, ya kammala da cewa tasirin masu rai a kan iska da teku tabbatacce ne, amma babu isasshiyar shaida cewa tasirin kullum yana gyara duniya don jin daɗinsu. A ganina nan gaskiyar take. Abin da ya tsira daga hasashen ya zama ginshiƙin fannin da ake kira kimiyyar tsarin duniya, har a 2001 masana fiye da dubu suka taru a Amsterdam suka fitar da sanarwar da ta amince cewa iska da teku da ƙasa da masu rai, har da ɗan Adam, suna aiki a matsayin tsari guda mai daidaita kansa. Maganar cewa duniya tana da rai kuwa, ita kanta Margulis ba ta yarda a kira ta halitta guda ba, ta ce babu halittar da ke rayuwa a kan kashinta, alhali a doron ƙasa dattin wani shi ne abincin wani. Hankali da niyya kuwa, babu masanin kirki da ke jingina wa ƙasa su.

Sai dai sunan ya kuɓuce daga hannun masana. Ya fito ne a daidai lokacin da hoton duniya da 'yan sama jannatin Apollo 8 suka ɗauko a Disambar 1968 yake ratsa zukata, aka kuma fara bikin ranar duniya a 22 ga Afrilun 1970. A Turai da Amurka wasu da suka bar coci suna neman abin riƙewa suka rungumi Gaia a matsayin abar bauta ta gaske, suna yi mata addu'a da bukukuwa. Sun jingina da rubuce-rubucen Marija Gimbutas, masaniyar kayan tarihi 'yar asalin Lituweniya, wadda ta ce tsohuwar Turai ta taɓa zama lafiya a ƙarƙashin bautar wata babbar uwa, ra'ayin da yawancin abokan aikinta ba su karɓa ba. 'Yan kasuwa ma suka liƙa sunan a kan sabulu da ganyen shayi. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta sa wa na'urar hangen taurarinta da ta harba a 2013 sunan Gaia, ita kuwa aikin da ta yi har zuwa 2025 auna taurari kusan biliyan biyu ne, babu ruwanta da wannan muhawara. A Kudancin Amurka maganar ta shiga doka, ko da yake ta hanyar Pachamama ce ba Gaia ba: kundin tsarin mulkin Ekwado na 2008 ya ba muhalli hakkin kansa, Bolibiya ta yi irin wannan doka a 2010, a 2021 kuma kotun tsarin mulkin Ekwado ta dogara da wannan hakki ta hana haƙar ma'adinai a dajin Los Cedros.

Akwai fassara biyu da nake roƙonki ki guje musu, don ina ganin illarsu. Ta farko ita ce tunda uwa ce mai gyara kanta, sai mu yi ta ɓarna, za ta share. Kabon da ke cikin iska ya tashi daga kimanin kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a yau, cikin ƙasa da shekara 300, alhali cin duwatsun da zai janye shi yana bukatar dubban ɗaruruwan shekaru. Duniya za ta iya samun sabon daidaito, amma babu wanda ya yi alkawarin za a iya noman gero a Katsina ko Maraɗi a cikinsa. Ta biyu ita ce maganar ramuwa, wadda shi kansa Lovelock ya ƙarfafa da taken littafinsa na 2006 da ya yi maganar fansar Gaia. Wannan ta fi ci mini rai. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya. A Satumbar 2024 ruwa ya shanye babban ɓangaren Maiduguri bayan madatsar Alau ta ɓalle. Duk nahiyar Afirka ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na kabon da duniya ke fitarwa. Wace fansa ce ke tsallake mai masana'anta ta faɗa kan mai sayar da ƙosai? Cewa ƙasa ta yi fushi yana rufe sunayen abubuwan da ya kamata a kama: hayaƙin ƙasashe masu arziki, itatuwan da muke sarewa ba mu dasa ba, magudanun da muka cushe da leda, madatsun da aka bari ba gyara, filayen da aka sayar a kan hanyar ruwa.

Batun imaninki kuwa, kwantar da hankalinki. Shirka tana cikin abin da zuciya ta ƙudurta da abin da aka bauta wa, ba cikin sanin abin da wasu suka bauta wa ba. Alƙur'ani mai girma da kansa ya ambaci Lata da Uzza da Manata a Suratun Najmi domin ya rushe su. Ibnul Kalbi ya rubuta littafi sukutum a kan gumakan Larabawa, Biruni ya rubuta a kan addinin Indiyawa wajen shekara ta 1030, Shaharastani ya tattara aƙidun al'ummai, har da na masana falsafar Girka. Mu ma kullum muna furta irin waɗannan sunaye ba tare da mun bauta wa kowa ba: Janairu daga Janus na Rumawa yake, Maris daga Mars, Yuni daga Juno, ciwon idon nan da muke kira afolo ma ya samo sunansa ne daga kumbon Apollo 11, don ya ɓarke a Gana a 1969, shi kuma kumbon sunan abin bautar Girkawa aka sa masa. Iyakar a fili take. A wurin Musulmi ƙasa halitta ce, Allah ya yi ta, umarninsa take bi, ba ta haifi sama ba, ba a roƙonta, ba a yi mata yanka, ba a rantsuwa da ita. Kuma ba ki bukatar aron abar bautar kowa kafin ki girmama ta. Suratur Rahman ta yi maganar ma'aunin da aka kafa aka kuma hana ƙetare shi, Suratur Rum ta danganta ɓarnar tudu da teku ga abin da hannayen mutane suka aikata, Suratuz Zalzala ta ce ƙasa za ta ba da labarin abin da aka yi a kanta. In wani ya gayyace ki zuwa addu'a ko biki da sunan Gaia, wannan addini ne, ki bar shi. Auna iska da lissafin kabon kuwa ilmi ne, ki riƙe shi da kyau.

A jarrabawa ki rubuta shi a matsayinsa na hasashe, ki faɗi wanda ya kawo shi da shekarar, ki kawo hujjar iskar Mars da gwajin furanni, sannan ki kawo sukar da aka yi masa. In kina neman batun da za ki yi aikin kammala digiri a kai, ki sani ba a rufe muhawarar ba. Tim Lenton na Jami'ar Exeter da abokansa suna nazarin ra'ayin cewa tsarin da ba shi da daidaito yakan rushe da wuri, mai daidaito kuma ya daɗe, don haka bayan dogon zamani masu daidaiton ne suka rage ko da babu haihuwa babu gasa. Shi ma Doolittle, wanda ya soki hasashen a 1981, ya dawo a 2017 ya rubuta maƙala yana neman hanyar da za a sulhunta shi da nazarin Darwin ta wannan fuska ta daɗewa. Ki kai wa malaminku waɗannan sunaye biyu, ki tambaye shi wace ma'ana yake nufi in ya ce duniya tana da rai. Allah ya ba da sa'a.